Yadda ake ƙulla aiki tsakanin ƙaramar hukuma da sashen jami'a a Kaduna, a kuma kai shi gaci

Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma manyan makarantu sun yi mata yawa har ba a cika lura da su ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, da harabar Samaru da ta Kongo. Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 tana cikin garin Kaduna da Kafanchan. Ga Kaduna Poli, ga Nuhu Bamalli a Zariya, ga cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando. A Kongo ma akwai sashe sukutum da ba ya koyar da komai sai sha'anin mulkin ƙananan hukumomi da raya ƙasa. Amma ka shiga sakatariya ka tambayi rijiyoyin burtsatse nawa ke ba da ruwa yau, ko rumfuna nawa ne a babbar kasuwa, sau da yawa sai a shiga kame-kame. Can a jami'a kuwa ɗalibai na ta rubuta furojet a kan matsalolin da ba wanda ya aike su, a ɗaure da bango mai kauri, a jibge a laburare ƙura ta bi ta kai.

Haɗa ɓangarorin biyu a zaure ɗaya ba wuya: a sa hannu, a ɗauki hoto, a sha lemo. Riƙe aikin bayan an watse ne jan aiki. Yawancin haɗin gwiwar da ta mutu abu uku ne suka kashe ta: an ɗaura ta a wuyan mutum maimakon ofis, ba a sa kuɗinta a kasafi ba, kuma ba wanda ya zauna ya daidaita kalandar jami'a da ta ƙaramar hukuma.

Fara da aiki ɗaya, ƙarami, mai iyaka

Kada a fara da cewa "muna son haɗin gwiwa da jami'a don ci gaban al'umma". Wannan ba aiki ba ne, fata ne. A zauna da shugabannin sassa na ƙaramar hukuma, na ayyuka da na lafiya da na noma da na kasafi, kowa ya kawo tambaya ɗaya da rashin amsarta ke hana shi yanke shawara. Sai a auna kowace da ma'auni uku.

Na farko, abin yana hannun ƙaramar hukuma? Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukanta: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai kuma sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. In binciken zai ƙare da shawarar da gwamnatin tarayya kaɗai ke iya aiwatarwa, an yi wahalar banza. Na biyu, za a iya gama shi cikin zangon karatu ɗaya, wato wata uku zuwa huɗu? Na uku, akwai wata shawara ta kuɗi da ke jiran amsar? In an ce "in mun san rijiyoyin da suka lalace da abin da ya lalace a cikinsu, za mu ware kuɗin gyara a kasafin baɗi", to an sami aiki. In ba mai iya faɗar abin da zai canza bayan an kawo rahoto, a bar shi.

Ayyukan da suka fi dacewa da fara hulɗa su ne na ƙirga da na gwaji: ƙidayar rijiyoyi da famfuna, rajistar rumfunan kasuwa, taswirar magudanun ruwa da wuraren da shara ke toshewa, ko gonar gwaji ta irin masara ko wake da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, masu sunan SAMMAZ da SAMPEA. Za mu riƙe misalin ƙidayar rijiyoyi har ƙarshe don a ga yadda lissafin ke tafiya.

Wace irin hulɗa ce, kuma wace ƙofa za a ƙwanƙwasa

Nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa. Hulɗa da jami'a iri-iri ce, kowace da dokarta. Akwai karɓar ɗalibai masu koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES da asusun horar da ma'aikata na ITF ke kula da shi, wanda ga yawancin ɗaliban jami'a wata shida ne. Nan abin da ke kan ƙaramar hukuma shi ne tebur, aiki na gaske, da jami'in da zai riƙa sa hannu a littafin ɗalibi duk mako. Akwai aikin fili na aji, inda malami ke fita da ɗalibansa a matsayin wani ɓangare na kwas, ana ba su maki. Akwai aikin ƙwararru da ake biya, wanda kwangila ce kamar kowace kwangila, dole ta bi dokar sayen kaya da ba da kwangila ta jiha da hukumar KADPPA ke tsaro. Akwai bincike mai tallafin waje, misali kuɗin bincike na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda jami'a ce ke nema ba ƙaramar hukuma ba, amma wasiƙar goyon baya daga ƙaramar hukuma na ƙara wa takardar malami nauyi. Sai horar da ma'aikata.

A tsai da iri ɗaya a rubuce. In aka kira abu aikin ɗalibai alhali ana jiran rahoto irin na ƙwararru, ciyaman zai ce an kawo masa shirme. In aka kira shi kwangila alhali ɗalibai ne suka yi ba a biya su ba, rigima na nan tafe, kuma malamin na iya samun kansa gaban kwamitin ladabtarwa.

A jami'a, zance yana farawa ne daga shugaban sashe, domin shi ya san malamin da ke da lokaci da kwas ɗin da aikin zai shiga. Amma shugaban sashe ba shi da ikon ɗaure jami'a da sa hannunsa. Takarda za ta hau zuwa shugaban tsangaya, ta bi ta ofishin lauyoyin jami'a, sannan shugaban jami'a ko magatakarda ya sa hannu. A ware wa wannan tafiya mako shida zuwa takwas, a kuma sami mutum ɗaya da zai riƙa bin fayil ɗin da ƙafa, don fayil ba ya tafiya da kansa. Yarjejeniyar da aka ƙulla da wani farfesa shi kaɗai, komai girmansa, ranar da ya tafi hutun shekara na bincike ko ya yi ritaya ta bi shi.

A ƙaramar hukuma ma haka. Ciyaman ne zai sa hannu, amma a kai maganar gaban majalisar kansiloli ta shiga kundin zamanta, a sanar da ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha a rubuce. Sannan a duba ko aikin ya taɓa gonar wata hukumar jiha. In asibitocin sha-ka-tafi ne, sai da izinin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. In makarantun firamare ne, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, da sakataren ilimi. In taswira da filaye ne, KADGIS. In ruwan karkara ne, RUWASSA. In ya shafi haraji, a tuna cewa tun dokar haraji ta 2016 aka tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukumar haraji ta jiha, KADIRS, aka kuma hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, don haka ɗalibi zai iya ƙirga rumfa amma ba zai karɓi ko kwabo ba. Yana da kyau a leƙa hukumar ƙididdiga ta jiha tun da wuri, domin wani lokaci rabin abin da za a fita nema yana nan a kwamfutarsu.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sa wasu na zaton yanzu ciyaman na iya cire kuɗi ya miƙa wa wanda ya ga dama. Hukuncin bai soke dokar kasafi ba, bai kuma rufe ofishin babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi ba. Bauca ba ta da madogara a kasafi, tambaya na jiran wanda ya sa mata hannu.

Kalanda huɗu a takarda ɗaya

Wannan mataki ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi kashe aiki. A ɗauko takarda babba a ja watanni goma sha biyu, a ɗora kalanda huɗu a kai.

Ta farko ta kasafi: shekarar kuɗi daga Janairu zuwa Disamba take, ana kuma haɗa kasafin baɗi ne a rabin shekara na biyu. Ke nan kuɗin aikin fili dole ya shiga tun bara, sakamakon aikin kuma ya iso kafin a rufe kasafi na gaba. Rahoton da ya zo a Fabrairu ya makara da shekara guda. Ta biyu ta jami'a: mako biyu kafin jarrabawa da lokacin jarrabawar kanta ba za ka ga ɗalibi ko malami ba, sai a nemi ranakun daga sashe a rubuce. Ta uku ta damina da noma: daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin ƙauye da yawa ba sa biyuwa, magidanta kuma suna gona tun asuba. Ƙidayar rijiyoyi ta fi amfani a Maris ko Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya, don a nan ake gane rijiyar da ke ƙafewa. Gonar gwaji kuwa dole iri da taki su kasance a hannu tun Mayu. Binciken magudanun ruwa sai a Agusta, ana cikin marka. Ta huɗu ta siyasa: an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kaduna a 2018 da 2021 da 2024, wato shekara uku-uku. Wata shida kafin zaɓe duk wanda ya shiga ƙauye da waya yana rubuta sunaye, za a ce ɗan jam'iyya kaza ne.

Sai a bar gurbin yajin aiki. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas a gida, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A rubuta tun farko abin da za a yi in haka ta faru: wa'adi ya tsaya cak har a dawo, kuɗin da ba a taɓa ba ya zauna a asusu, bayanan da aka riga aka tara a miƙa wa ƙaramar hukuma yadda suke.

Takardu biyu, ba ɗaya ba

Takardar fahimtar juna ta zama gajera, shafi biyu ko uku: su wa suka ƙulla, na shekara nawa, a wane fanni, yadda za a fita in an gaji. A ba ta shekara uku ko huɗu, ta yadda za ta haura wa'adin ciyaman mai ci. Ba a sa kuɗi a cikinta.

Kowane aiki kuma sai a yi masa tasa takardar daban, wadda ita ce ainihin igiyar. A ciki a faɗi abin da za a miƙa da sunansa da adadinsa. Kada a rubuta "rahoto kan matsalar ruwa". A rubuta: jadawalin duk rijiyoyin burtsatse da famfuna na mazaɓu goma sha ɗaya, kowace da lambarta da wurinta a taswira da hotonta da halin da take ciki, taswira bugaggiya ɗaya ga kowace mazaɓa, taƙaitaccen bayani shafi biyu da Hausa da Turanci, da ƙiyasin kuɗin gyara. A sa ranar miƙa kowanne. A ambaci jami'in tuntuɓa na kowane ɓangare da muƙaminsa, ba sunansa kaɗai ba, a kuma ba shi mataimaki. Na ƙaramar hukuma ya zama ma'aikacin dindindin, kamar jami'in tsare-tsare ko shugaban sashen ayyuka, ba mai ba ciyaman shawara ba, don shi yana tafiya ne ranar da maigidansa ya sauka. A faɗi wanda ke ɗaukar kuɗin magani in ɗalibi ya faɗi a babur. Mutane na jin nauyin kawo wannan zance, wai kada a yi wa tafiya baki, amma gara a ji nauyin a ofis da a yi ta musu a bakin gadon asibiti.

Lissafin kuɗi da na mutane

A ce ƙaramar hukuma mai mazaɓu 11, ana ƙiyasin wuraren ruwa 400. Ɗalibai 22, biyu-biyu, kowace mazaɓa tawaga ɗaya. A ƙauye, da tafiyar babur da gaisuwa da jiran mai makullin famfo, tawaga ba ta wuce wuri takwas a yini in ana son aiki mai kyau. Tawaga 11 sau 8, 88 ke nan a rana, 400 za su ci kwana biyar. A ƙara kwana biyu na komawa inda aka yi kuskure. Kafin nan kwana biyu na horo a aji, kwana ɗaya na gwaji a mazaɓa mafi kusa. Jimla kwana goma ga kowane ɗalibi, wato kwanakin aiki 220 da za a biya kuɗin abinci da na mota. Sai masu sa ido uku, malami ɗaya da ɗaliban digiri na biyu guda biyu. Sai ɗan jagora ɗaya a kowace mazaɓa, wanda ya san lungu da saƙo, shi ma da ɗan abin hasafinsa. Sai man babur, kuɗin data, batirin cajin waya ɗaya ga kowace tawaga, buga taswira, kuɗin gwajin ruwa a ɗakin gwaje-gwaje. A ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Ƙiyasin sakatariya kan gaza ainihin adadin, domin rijiyoyin da 'yan majalisa da ƙungiyoyin agaji da masallatai da coci-coci suka haƙa ba su cika shiga fayil ba.

Kuɗin aikin fili ya fito gaba ɗaya mako biyu kafin a fita. Ba a tura ɗalibi ƙauye da alkawarin "za a biya ku in kaso ya shigo". Ladan ƙwararru shi ne ake rabawa kashi-kashi bisa abin da aka miƙa, kason ƙarshe kuma ya tsaya sai an karɓi bayanai cikakku an buɗe su a kwamfutar sakatariya an ga suna nan. Kuɗi ya shiga asusun jami'a ko na kamfaninta na ayyukan ƙwararru, da rasit na hukuma. Kada a taɓa turawa asusun malami na kansa, ko da shi ya nema don a yi sauri. Amma a san cewa fitar da kuɗi daga asusun jami'a na ɗaukar lokaci, kuma jami'a na cire nata kason na gudanarwa, don haka a tambayi ofishin ma'ajinta nawa ne kason da kwana nawa fitarwa ke ci, a sa a lissafi. Wata hanyar da ke rage wahala ita ce ƙaramar hukuma ta riƙe kuɗin fili ta biya kowane ɗalibi da ɗan jagora kai tsaye ta banki, da takardar sa hannu ta kullum. Ma'aji ya kuma faɗi tun farko harajin da za a cire daga ladan ƙwararru, kada a ƙulla a kan adadi guda a ga wani a alat.

Shiga gari

Mako guda kafin fita, wasiƙa ta tafi ga hakimi, daga shi zuwa dagatai da masu unguwanni, a sanar a masallatan Juma'a da coci-coci. Kansila shi kaɗai bai wadatar ba, don rabin gari ba su zaɓe shi ba. Kwamitin raya mazaɓa, inda yake da rai, shi ne ya fi saurin samar da ɗan jagora nagari. A faɗa wa jama'a gaskiya: ƙirga muka zo yi, ba rabon famfo ba. Ɗalibin da ya ce "za a zo a gyara muku" don a sake masa fuska ya ɗaura wa ƙaramar hukuma bashin da ba ta ci ba, kuma tawaga ta gaba ce za ta sha zagi.

A haɗa tawaga da lura. Inda za a shiga gidaje a yi magana da mata, a sa mace a kowace tawaga, domin a yawancin garuruwan arewacin jihar namiji baƙo ba ya wuce zaure. A kudancin jihar Hausa na kai mutum ko'ina, amma tsohuwa a ƙauyen Zangon Kataf ko Jaba ko Kajuru ta fi sakin jiki da mai jin Tyap ko Jju ko Hyam ko Adara, kuma irin waɗannan ɗalibai suna nan a ajin, sai dai in ba a tambaya ba. A kauce wa ranar kasuwar gari da safiyar Lahadi da lokacin sallar Juma'a.

Batun tsaro ba a yanke shi daga Samaru ko daga cikin Kaduna. A zauna da DPO da hakimi da shugaban 'yan sintiri, a bi mazaɓu ɗaya bayan ɗaya. Inda suka ce kada baƙo ya je, kada ya je. A horar da malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya na wurin ya cike fom ɗin, a kuma rubuta a rahoto cewa haka aka yi. Kowace tawaga ta bar fili da la'asar, ta kira mai sa ido ta ce ta iso.

A bakin famfo

Ingancin aikin gaba ɗaya yana rataye ne ga abin da ɗalibi ke yi na minti goma sha biyar a kowane wuri. Fom ɗin ya zama na waya, a manhaja irin KoboToolbox ko ODK, waɗanda ke aiki ba tare da intanet ba sai an dawo inda akwai sabis a tura. Tambayoyi kada su wuce 25. Malamai na son cusa tambayoyin nasu binciken, fom ya kumbura ya kai 80, ɗalibi ya gaji ya fara cikewa a gindin bishiya.

Kalmar "yana aiki" sai an yi mata ma'ana ɗaya da kowa zai bi, in ba haka ba tawaga goma sha ɗaya za su kawo ma'ana goma sha ɗaya. Ɗalibi ya kama hannun famfon da kansa ya buga, yana ƙirga bugu nawa kafin ruwa ya fito. In sai an yi ta bugu kafin ya zo, ruwan na zurarewa ne ta bawul na ƙasa ko ta mahaɗar bututu. Sai ya tara jarka mai lita 20 ya duba agogo: famfon hannu mai lafiya kan cika ta cikin kamar minti biyu, in ta haura biyar akwai matsala, ko robobin ciki sun cinye ko ruwan ƙasan ya yi nisa. Ya duba daɓen siminti ko ya tsage, ko ruwa na kwanciya a gindinsa, ya auna taku nawa ne zuwa masai ko juji mafi kusa. Ya tambayi matan da ke layi, ba mai unguwa kaɗai ba, yaushe famfon ya lalace na ƙarshe, kwana nawa ya yi a mace, wa ya gyara, nawa aka tara. Ya tsaya a fili, ba ƙarƙashin rumfa ba, har wayar ta nuna kuskuren wuri bai kai mita 10 ba, sannan ya ɗauka. Hoto biyu: ɗaya daga nesa a ga muhallin, ɗaya kusa a ga allon wanda ya haƙa. A ƙarshe ya rubuta lambar wurin da fenti a jikin daɓen, don kada wata tawaga ta sake ƙirga shi a kan iyakar mazaɓu.

Kowane dare mai sa ido ya buɗe abin da aka turo. Fom ɗin da aka cike cikin minti uku, ko wurare biyar da suka taru a ɗigo ɗaya a taswira, alama ce an yi aikin zaune. Kashegari a koma wuri ɗaya cikin kowane goma a sake aunawa ba tare da sanar da tawagar ba. A faɗa wa ɗalibai tun ranar horo cewa za a yi haka.

Gwajin ruwa ba a yi wa duka 400. A zaɓi waɗanda ke kusa da masai da waɗanda suka fi jama'a. Kwalba ta zama wadda ɗakin gwaji ya tsabtace ya bayar, a bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna kafin a tara, a sa a kula mai ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji cikin awa shida, in ya yi nisa ƙwarai kada ya wuce awa 24. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ƙwayar E. coli, mai nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100. Ruwan da aka ɗebo a robar lemo ya wuni a but ɗin mota, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne ko ya fito da kyau ko ya fito da muni.

Bayanan na wa ne

In za a tambayi mutane abin da ya shafi lafiyarsu ko iyalinsu, sai an sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, na asibitin koyarwa ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma wannan kan ci makonni, a fara shi tun ana zancen takardu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan ƙaramar hukuma da jami'a duka: a nemi yardar mutum, kada a karɓi abin da ba a buƙata, sunaye da lambobin waya su zauna a fayil daban mai makulli, a goge su daga wayoyin ɗalibai ranar da aka gama. Kada a riƙa jefa jerin sunaye a zauren WhatsApp.

Malami yana buƙatar wallafa bincike, da shi ake masa ƙarin girma, ɗalibi kuma yana buƙatar furojet. Ƙaramar hukuma ba ta son ta wayi gari ta ji a rediyo cewa rabin rijiyoyinta sun mutu. Maslaha ita ce a rubuta cewa bayanan mallakar ɓangarorin biyu ne, ƙaramar hukuma za ta ga duk abin da za a wallafa kwana 30 kafin ya fita, tana da damar gyara kuskure da ƙara nata bayanin, amma ba ta da damar hana sakamako fita don bai yi mata daɗi ba. Jami'ar da ta yarda a toshe mata baki ta sayar da abin da ya sa aka neme ta.

Miƙa aiki da riƙe hulɗa

Kundi mai shafi 150 ba wanda zai karanta shi a sakatariya. Abin da ake buƙata shi ne jadawali a Excel, taswirar kowace mazaɓa a hannun kansilanta, da shafi biyu da suka kasa wuraren gida uku: masu buƙatar ƙaramin gyara kamar roba da sarƙa da bawul, masu buƙatar babban gyara, da waɗanda suka ƙafe ba su da magani. Rukunin farko ne ke ba ciyaman abin nunawa da kuɗi kaɗan, kuma shi ke sa a sake neman jami'a baɗi. A gabatar gaban majalisar kansiloli da hakimai, a kuma kai taswirar tarukan da al'ummomi ke jera buƙatunsu don kasafi, wanda a Kaduna ake yi ƙarƙashin tsarin kundin buƙatun al'umma, CDC. Ma'aikata biyu na sashen ayyuka su shiga horon tun ranar farko, su fita fili tare da ɗalibai, a miƙa musu makullin shiga asusun manhajar. In bayanan na cikin kwamfutar ɗalibin da ya tafi hidimar ƙasa, an rasa su.

Tsakanin aiki da aiki, jami'an tuntuɓa biyu su gana sau ɗaya a wata, ko ta waya ce, na rabin awa, a fitar da shafi ɗaya: abin da aka yi, abin da ya maƙale, wa zai warware shi, zuwa wace rana. Ciyaman da shugaban tsangaya su zauna sau biyu a shekara. Fayil ya zama kwafi biyu iri ɗaya, ɗaya a rajistar sakatariya ɗaya a ofishin sashe, da takardu da bauca da rasit da minit duka a ciki. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi na iya yi wa jami'inku canjin wurin aiki a kowane lokaci, shugabancin sashe a jami'a ma karɓa-karɓa ne, shi ya sa aka ce a naɗa mataimaki. In sabon ciyaman ya hau, kada a jira ya tambaya: cikin watansa na farko shugaban sashe da jami'in tuntuɓa su je masa da shafi biyun nan da taswirar mazaɓarsa.

In saɓani ya taso, ya tsaya tsakanin jami'an tuntuɓa na mako biyu, in bai warwaru ba ya hau ga ciyaman da shugaban tsangaya, sannan ma'aikatar ƙananan hukumomi da shugaban jami'a. Wanda ke son fita ya ba da sanarwar kwana 60 a rubuce, amma ɗaliban da ke tsakiyar aikin da za a ba su maki a kai a bar su su kammala.

Wata shida bayan miƙa rahoto, a tura ɗalibai huɗu su koma wurare 40 daga cikin waɗanda aka ce za a gyara, su buga famfon su tara jarka. Adadin da suka samu yana ba da ruwa shi za a ɗora a tebur ranar da za a yanke ko a shiga aiki na biyu.